Tsakanin Gidan Yari da Kantin Sayarwa: Amsa kan Halatta Tabar Wiwi

"Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 22 ne. An kama shi da ɗan ƙullin wiwi a aljihu, ya yi wata takwas a tsare, kuma maganar gaskiya ya fito ya fi yadda ya shiga lalacewa, karatun da yake yi ma ya tsaya. Ga shi ina jin labarin cewa ƙasashe irin su Kanada da Jamus sun halatta ta, wasu har cewa suke yi magani ce. Amma kuma na san mutum biyu da aka ce ita ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Na rasa wanda zan gaskata. Shin halatta ta ne mafita, ko kuwa dokar ce ya kamata a ƙara tsanantawa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya shirya mana shi, ya ba ku ladan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Idan na fahimce ki, tambayoyi biyu kika ɗaure a ƙulli ɗaya. Ta farko ita ce mene ne ainihin illar wannan ganye ga wanda yake sha. Ta biyu kuma ita ce wace irin doka ce za ta rage wannan illa ba tare da ita kanta dokar ta zama wata cutar ba. Yawancin gardamar da ake yi a kan batun tana tafiya a banza ne domin kowane ɓangare ya riƙe tambaya ɗaya ya saki ɗaya. Mai son a halatta zai nuna miki irin ƙanenki, wanda ɗauri ya ɓata wa rayuwa. Mai adawa kuma zai nuna miki mutum biyun da kika ambata. A shekarun da na yi ina duba masu lalurar ƙwaƙwalwa da masu shaye-shaye na zauna da irin waɗannan da irin waɗancan, wani lokacin ma mutum ɗaya ne yake ɗauke da labarin duka biyun.

Kafin mu yi nisa, ita kanta kalmar "halatta" tana buƙatar bayani. A kunnen mai jin Hausa tana ɗauke da nauyin hukuncin addini, shi ya sa da an ambace ta sai mutum ya ji kamar ana cewa abin ya zama mai kyau. Abin da ake muhawara a kai shi ne matakin da hukuma za ta ɗauka a kan mai sha da mai noma da mai sayarwa. Taba sigari doka ta ƙyale ta a kusan kowace ƙasa, amma babu likitan da zai ce miki lafiya ce. Kuma matakan da hukuma ke iya ɗauka sun fi biyu. Akwai inda mallakar ko da ƙulli ɗaya laifi ne da zai kai mutum kurkuku. Akwai inda abin yana nan a haramce, ana farautar dillalai, amma wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ba a kai shi gaban alƙali, sai dai a ci shi tara ko a tura shi wajen masu ba da shawara. Akwai inda aka yarda baligi ya shuka 'yan tushe a gidansa amma ba a yarda da ciniki ba. Can ƙarshe kuma akwai inda kamfanoni ke nomawa su sarrafa su sayar a kanti, gwamnati tana karɓar haraji. Ƙasashe biyun da kika haɗa ma ba a mataki ɗaya suke ba. Kanada ta buɗe kantuna tun ranar 17 ga Oktoban 2018. Dokar Jamus kuwa, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2024, ta yarda baligi ya riƙe giram 25 a waje, giram 50 a gida, ya shuka tushe uku, ko ya shiga ƙungiyar noma wadda ba ta neman riba kuma mambobinta ba su wuce 500 ba, amma ba ta ba kowa izinin buɗe shagon sayarwa ba.

Abin da ganyen yake yi wa mai sha

Sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi sunansa THC, wanda masanin kimiyya Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tantance a 1964. Akwai wani kuma mai suna CBD wanda ba ya sa maye. Shi THC yana aiki ne ta hanyar zama a wasu gurabe na ƙwaƙwalwa waɗanda asalinsu na wasu sinadarai ne da jiki yake samarwa da kansa, masu daidaita yunwa da barci da tunawa da jin zafi da tsoro. Wannan tsari yana da hannu a ginin ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta gama nuna sai mutum ya kusa shekara 25. Saboda haka idan aka kawo mini mai sha, tambayata ta farko ita ce yana ɗan shekara nawa ya fara, ta biyu kuma sau nawa yake sha a mako.

Masu cewa wiwi ba ta kama mutum ba su faɗi daidai ba. Alƙaluman da aka daɗe ana dogara da su sun nuna cewa a cikin mutum 11 da suka taɓa sha, kusan ɗaya zai kai matsayin da ba ya iya bari, kuma idan tun yana yaro matashi ya fara, sai ya zama kusan ɗaya cikin shida. Wannan ɗaya cikin 11 bai kai na taba sigari ba, wadda ke kama kusan ɗaya cikin uku, bai kuma kai na barasa ba, amma ba abin rainawa ba ne. Wanda ya saba sha kullum idan ya daina yakan yi fama da rashin barci da saurin fushi da ƙin abinci da munanan mafarkai na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tsakanin ne yawancinsu suke komawa.

Batun taɓin hankali shi ne ya fi damuna, domin shi ne nake gani da idona. A 1987 aka wallafa sakamakon bibiyar samari sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja a Suwidin, aka bi su tsawon shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya, cutar nan da ke sa mutum ya riƙa jin muryoyi, yana zargin ana bin sa ko ana shirya masa makirci. A 2019 wani babban bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen haɗarin gushewar hankali, idan kuma nau'i mai ƙarfi yake sha kullum sai ya kusa ninki biyar. Adalci ya sa in ƙara da cewa mafi yawan masu sha ba sa samun wannan lalura, kuma masana suna tattauna ko wani ɓangare na wannan alaƙa ya samo asali ne daga cewa masu ɗauke da gadon cutar su ne suka fi karkata ga shan tun farko. Amma a ɗakin duba marasa lafiya abin yana maimaita kansa har ya zama sananne. A kawo saurayi ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana cewa maƙwabta sun sa masa na'ura a bango. A kwantar da shi, a ba shi magani, ya yi mako biyu ba ya sha, sai ki ga mutum ya dawo hayyacinsa har yana jin kunyar abin da ya faɗa. Bayan wata shida sai a dawo da shi, kuma karo na uku ko na huɗu ba lallai ne hankalin ya dawo duka ba. Duk wanda a danginsa akwai mai irin wannan ciwo, ina gaya masa kai tsaye cewa shi kam wiwi guba ce a gare shi, ko da abokansa goma suna sha suna tashi lafiya.

Wani abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne ganyen ya canza. A Amurka, inda ake auna abin da aka ƙwace, matsakaicin THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, kuma man da ake tatsa daga ganyen yanzu yakan wuce kashi 70. Dattijon da ya ce ya sha a ƙuruciyarsa bai haukace ba, abin da ya sha daban ne da wanda jikansa yake zuƙa.

Duk da haka, idan ana lissafin mutuwa ne, wiwi tana can baya. Ba ta tsayar da numfashi yadda hiroyin da danginta suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 da barasa a 2019, taba sigari kuma tana kashe sama da miliyan 7 a kowace shekara. Masu neman gyaran doka suna da hujja idan suka tambayi dalilin da ya sa ake ɗaure mai wannan ana ba mai waccan lasisi.

Maganar cewa magani ce tana da gaskiya, sai dai gaskiyar ƙarama ce aka hura ta. Wani babban nazari da cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka fitar a 2017 ya sami ƙwaƙƙwarar shaida a wurare uku: daɗaɗɗen ciwon jiki ga manya, tashin zuciya da amai da maganin sankara ke jawowa, da sandarewar gaɓoɓi a wata cutar jijiyoyi. A 2018 kuma aka amince da Epidiolex, tataccen CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, 27 da 25, ta cire wiwi daga jerin abubuwa mafi haɗari marasa amfanin magani, ko da yake ta bar ta a cikin abubuwan da ake sa wa ido sosai. Mofin ma, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, daga tsiron da ake yin hiroyin ake samun sa, kuma asibitoci suna dogara da shi ƙwarai, amma hakan bai sa an ce kowa ya je ya saya a kanti ba. Amfanin abu a hannun likita, da awo da sanin abin da ke ciki, bai zama hujjar naɗa shi a takarda a zuƙa ba.

Me ɗauri ya haifar?

Haramcin da muke gani a yau bai daɗe ba kamar yadda ake zato. An fara sa wiwi a yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ne a Janiba a 1925, bisa matsin wakilan Masar. Amurka ta yi dokarta a 1937, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ɗaure kusan dukkan ƙasashe a kan turba ɗaya. A 1971 Shugaba Nixon na Amurka ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban abokin gabar al'umma. Abin mamaki shi ne kwamitin da aka kafa a zamaninsa, ƙarƙashin Raymond Shafer, ya ba da shawara a 1972 cewa a daina ɗaukar mallakar ɗan abin sha a matsayin laifin kotu, shi kuwa ya yi watsi da shawarar. Bayan fiye da rabin ƙarni ana kame da ƙone gonaki, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 228 ne suka sha wiwi a 2022.

Ba zan ce haramci bai yi komai ba. Yana ɗaga farashi, yana hana talla, kuma akwai mutanen da tsoron kamu kaɗai ya hana su gwadawa. Tambayar ita ce a kan wa nauyin yake sauka. A Amurka an yi kame sama da miliyan 8 a kan wiwi tsakanin 2001 da 2010, kuma kusan kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka kama mallaka ce kawai laifinsu. Baƙar fata ya ninka farar fata kusan sau huɗu wajen yiwuwar a kama shi, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. A wasu ƙasashen bambancin na aljihu ne: ɗan mai hali a sasanta a bakin ofis, ɗan talaka ya kwana a ciki. Manyan masu safara kuwa da wuya hannu ya kai gare su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya faru da ƙanenki na sha ganin irinsa. Yaro ya shiga da matsala ɗaya, ya fito da huɗu: karatu ya katse, sunansa ya ɓaci wajen neman aiki da aure, ya yi sababbin abokai waɗanda suka fi shi nisa a harkar, kuma sau da yawa a can ya fara sanin ƙwayoyin da suka fi wiwi muni. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a lissafa ta. Tsoron hukuma yana sa iyali su ɓoye mai sha har sai abin ya ci tura, shi ma mai shan ya ƙi gaya wa likita gaskiya, sai mu yi ta lalube a duhu. Na taɓa duba wani matashi wata uku ina canza masa magani ina mamakin rashin samun sauƙi, sai daga baya ya amsa cewa kullum yana sha, ya ɓoye ne don yana tsammanin zan kai rahotonsa.

Darasin Fotugal da na Origon

Ƙasar da aka fi kafa misali da ita a nan ita ce Fotugal. A ƙarshen shekarun 1990 hiroyin ta yi mata katutu, cutar ƙanjamau tana yaɗuwa ta hanyar allura. Daga Yulin 2001 ta mayar da mallakar abin da bai wuce na kwana goma ba, kowace irin ƙwaya ce, ya zama laifin da ba na kotu ba. Ga wiwi iyakar giram 25 ce. Wanda aka kama ana tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, su tantance ko mai buƙatar magani ne, ko gargaɗi ko tara ya ishe shi. Safara tana nan a matsayin babban laifi. Shan ƙwaya bai yi tashin da aka yi ta tsoro ba, kuma sababbin masu kamuwa da ƙanjamau a cikin masu allura sun sauko daga sama da 1,000 a shekara zuwa 'yan gomomi. Amma João Goulão, likitan da ya jagoranci tsarin, ya sha nanata cewa sauya dokar kaɗai ba ita ta yi aikin ba. An zuba kuɗi a cibiyoyin magani, da ma'aikatan da ke bin mutane lungu-lungu, da tallafin komawa sana'a. Da aka rage kuɗin bayan matsin tattalin arzikin da ƙasar ta shiga wajen 2012, sai aka fara ganin tsarin yana rauni.

Jihar Origon ta Amurka ta ɗauki rabin darasin ta bar rabi. A Nuwamban 2020 masu zaɓe suka amince a daina gurfanar da masu ɗan abin sha na kowace irin ƙwaya, a ba su takardar tarar dala 100 wadda za a yafe idan mutum ya buga wata lambar waya ta neman taimako. Kaɗan ne ƙwarai suka buga. Kuɗin magani ya yi jinkirin isa, ga kuma fentanil, wata ƙwaya dangin hiroyin da ta fi ta ƙarfi, ta shigo jihar a daidai lokacin, mutane suna sha a fili a bakin titi. Zuwa Satumban 2024 an dawo da hukuncin kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk ƙasar da za ta buɗe ƙofar kurkuku ga mai sha, sai ta riga ta tanadi ƙofar da zai shiga.

Idan kasuwa ta shigo

A nan ne nake rabuwa da yawancin masu kiran a halatta. Ƙasar da ta fara halatta wiwi gaba ɗaya ita ce Yurugwai da ke Kudancin Amurka, a Disamban 2013, zamanin Shugaba José Mujica, kuma manufarta ita ce ƙwace ciniki daga hannun 'yan safara. Ta yi abin da taka-tsantsan. Sai mutum ya yi rajista, ya zaɓi hanya ɗaya cikin uku: ya shuka tushe shida a gida, ko ya shiga ƙungiya mai mambobi 15 zuwa 45, ko ya saya a kantin magani abin da bai wuce giram 40 a wata ba. Gwamnati ce ke ƙayyade farashi da ƙarfin ganyen, an hana talla, an hana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido.

Jihohin Amurka sun bi wata hanyar. Kolorado da Washinton suka fara da ƙuri'ar jama'a a 2012, zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 sun bi sahu, kuma mafi yawansu sun bar abin a hannun 'yan kasuwa. An samu wasu alherai da ba za a musa ba. Kame ya ragu sosai, haraji ya shigo, mai saye ya san abin da ke cikin kayan, kuma yawancin ƙididdigar da aka yi a makarantu ba ta nuna hauhawar sha a tsakanin 'yan makaranta yadda aka yi hasashe ba. A Kanada kusan bakwai cikin goma na masu sha sun koma saye ta halattacciyar hanya, ko da yake a Kalifoniya kasuwar bayan fage ta ƙi mutuwa saboda ta fi araha.

Sai dai ki duba inda ribar take. Mai sha sau ɗaya a wata ba ya ciyar da kamfani. Mafi yawan abin da ake sayarwa masu sha kullum ne suke saye, wato su ne ainihin mutanen da nake gani a asibiti. Saboda haka duk kamfanin da ke son bunƙasa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, buƙatarsa ita ce masu sha kullum su ƙaru, farashi ya sauka, kaya su ƙara ƙarfi. Haka kuwa aka yi. A 2022, karo na farko a tarihin ƙididdigar Amurka, masu shan wiwi kullum ko kusan kullum, mutum miliyan 17.7, sun zarce masu shan barasa kullum, miliyan 14.7. An mayar da THC alawa da cakulan da lemo, kuma rahoton ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin waɗannan kaya bisa kuskure ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Lardin Kebek na Kanada, wanda ya riƙe sayarwa a hannun gwamnati, ya hana nau'in alawa, ya kuma ɗaga shekarun saye zuwa 21, bai ga irin hauhawar kwantar da yara da lardunan da suka ƙyale alawar suka gani ba. Ba kuma banza ba ne kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya zuba dala biliyan 1.8 a wani kamfanin wiwi na Kanada a ƙarshen 2018. Duniya ta yi shekara hamsin tana kokawa da kamfanonin taba kafin ta iya hana su talla, kuma ban ga hikimar a sake ba kura ajiyar nama ba.

Tailan ta nuna abin da gaggawa ke jawowa. Ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a Yunin 2022 kafin ta yi dokar da za ta tsara cinikin, dubban shaguna suka ɓullo cikin ɗan lokaci, zuwa Yunin 2025 gwamnati ta dawo ta ce sai da takardar likita. Masu hangen arzikin noma su ma su yi hattara. Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, amma tsadar lasisin ta sa manyan masu jari ne suka amfana, ƙananan manoman da suka daɗe suna nomawa a ɓoye suka ci gaba da zama a ɓoye.

Inda na tsaya

Ra'ayina shi ne kada a ɗaure mutum saboda ɗan abin da zai sha. A ƙayyade adadi a rubuce, domin kada abin ya koma ga son ran jami'in da ya yi kamun, a tura wanda aka samu wajen masu tantance lafiyarsa, a share sunayen waɗanda aka taɓa hukuntawa a kan mallaka kawai, a mayar da ƙarfin 'yan sanda da kotu kan masu safara da masu sayar wa yara. Magungunan da aka tace daga ganyen kuma su bi hanyar da kowane magani yake bi kafin ya isa hannun majiyyaci. Amma ban goyi bayan kasuwar kamfanoni masu neman riba ba. Idan wata al'umma ta ga lallai sai ta samar da halattacciyar hanya, tsarin Yurugwai ko na Kebek ya fi kusa da hankali: babu talla, babu alawa, a sa iyaka ga ƙarfin THC, a ɗaga shekarun saye. Ko wannan ɗin ma yana buƙatar hukuma mai iya tantance shekarun mai saye, da ɗakunan gwaji masu auna kaya, da jami'an da ba a saye su. Ƙasar da ta kasa hana sayar wa yaro maganin tari mai kodin ba tare da takardar likita ba, da wuya ta iya tsare kantin wiwi.

Ki ɗauki maganata da sanin inda nake zaune. Ni likita ne, ba lauya ko masanin tattalin arziki ba, kuma waɗanda ke zuwa wurina su ne waɗanda abin ya kayar. Mai sha jefi-jefi da ke tafiyar da aikinsa lafiya ba ya zuwa layin asibiti, don haka idona ya fi ganin ɓarna, kamar yadda idon lauyan da ke kare fursunoni ya fi ganin zaluncin ɗauri. Sannan kasuwannin da aka halatta mafi daɗewarsu bai wuce shekara goma sha 'yan kai ba, alhali cuta irin sikizofireniya tana ɗaukar shekaru kafin yawanta ya bayyana a ƙididdiga.

Shi kuwa ƙanenki, ba sai kin jira majalisa ta gyara doka ba. Ki lura ko barcinsa ya lalace, ko ya fara keɓe kansa, ko yana zargin mutane ba dalili, ko yana magana ko dariya shi kaɗai. Idan kin ga ɗaya daga cikin na ƙarshen nan, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a cikin makon, domin gushewar hankali da aka tara da wuri ta fi saurin warkewa. Idan babu waɗannan alamu, to ku sani har yau babu wata ƙwaya da aka amince da ita a matsayin maganin barin wiwi. Abin da ke aiki shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre a kai a kai, da taimaka masa ya haye makonni biyun farko na rashin barci, da cike masa yininsa da karatu ko sana'a, domin zaman banza da tsofaffin abokai su ne ke mayar da yawancinsu. Ku guji wuraren da ake ɗaure mutum da mari ana dukansa da sunan gyaran hali, don na karɓi waɗanda suka fito daga irinsu da raunin da ya fi na wiwin. Idan ya ƙi zuwa asibiti, ki je ke kaɗai tukuna ki yi bayani. Da yawa daga cikin samarin da na duba, yayarsu ko mahaifiyarsu ce ta fara zama a kujerar kafin su.